Gwaggo Delu da Dokar Gadon Sarauta

Ku da kuka san Gwaggo Delu a unguwar Edmonton ta Landan, kun san ba a tari a falonta in Sarauniyar Ingila ta fito a talabijin. Tsaye take miƙewa, ta gyara ɗankwali. Ana gamawa sai ta nuna akwatin da yatsa: "Baiwar Allah, da kina da ƙane namiji, da yanzu kina gefe kamar ni!"

Ita ce 'yar fari a gidan dagacin garinmu. Da kakanmu ya rasu, ƙanenta aka naɗa, wato babana. Ita kuwa ta taho Landan aikin jinya, kuma a wurinta na zauna lokacin da nake karatun lauya.

Ni na jawo wa mutane. Na gaya mata a Ingila ma ƙane yana tsallake yayarsa, kuma dokar ba ta gyaruwa sai duk ƙasashen da ke ƙarƙashin Sarauniya sun yarda.

"Su waye?"

"Kanada, Ostireliya, Jamaika..."

"To, a fara da Jamaika."

Wallahi washegari a cikin bas ta tsare kwandasta ɗan Jamaika: "Ku me kuke jira ne?" Bawan Allah ya ce shi dai tikiti yake jira!

Akwai wata 'yar Ostireliya da aka yi wa tiyata. Tana farfaɗowa Gwaggo ta nemi ra'ayinta, matar ta gyaɗa kai cikin mayen allura. Gwaggo ta shigo gida da guɗa: "Ostireliya ta amince!"

Muna dariya, ita ko murmushi babu.

Da ciwo ya kwantar da babana aka kawo shi nan, sai ta ɗauki hutu ta tare a gefen gadonsa. Wata rana ya riƙe hannunta ya ce, "Yaya, ke ya kamata a naɗa. Kowa ya sani."

Ta daɗe tana gyara masa bargo. Can ta ce, "Ranka ya daɗe, buɗe baki ka sha magani."

A bakin tagar baranda na same ta tana share hawaye. A hannunta babana ya cika.

Ita ma ta tafi kafin ƙarshen shekarun 1990, doka tana nan yadda ta same ta. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka kabarinta, ya haɗa ta da ƙanenta a gidan da ba a tsallake kowa. Amin.