Da Safa a Maƙabartar Sojoji

A gida mu mata ba ma zuwa maƙabarta. Sai ga maƙwabciyata a Bowie, wani gari a Amurka, dattijuwa Kirista, ta roƙe ni in raka ta kabarin ɗanta soja gab da Kirsimeti, lokacin da ake ɗora wa kaburburan sojoji kambin koren ganye. Tsorona kada in yi wa ɗanta rashin ladabi. Abin da na tuna kawai, malaminmu ya ce ba a ratsa kaburbura da takalmi. Na tuɓe nawa, na taka ƙanƙara da safa, haƙorana suna kaɗawa.

Ta ce, "'Yata, lafiya kuwa?"

Na ce girmamawa ce. Ta dafa kafaɗata, ta cire nata. Mura ta kama mu duka, ni ce kuma mai kai mata farfesu ina atishawa.