Rarar Injiniyoyi

Shekarar da council, wato hukumar gari, ta rage ma'aikata, maigidana na cikin waɗanda aka sallama. Injiniyan hanya ne, ya daɗe yana gyaran titunan Birmingham. Sai ga shi zaune tare da ni a flat ɗinmu na unguwar Balsall Heath, ni da dama ba fita nake ba, muna ta karo a ƙofar kicin.

Da ya ji 'yan China na shimfiɗa layin dogo a gida Najeriya, ya tura musu takardunsa, har ya ce wa yara mun kusa komawa. Amsa ta zo gajeriya: suna da injiniyoyinsu.

Ana cikin haka muka je suna a Manchester, gidan yayansa. Akanta ne, bakinsa ba ya hutawa. Ina raba waina a falo na ji yana yi wa baƙi karatu.

"Ku gane, ƙarfe da siminti sun yi wa 'yan China yawa a ƙasarsu. Masana'antu na ta aiki, babu mai saye, rufe su kuma fitina ce. Sai su zo su ce za su gina mana layin dogo. Ƙarfen nasu, simintin nasu, ma'aikatan ma nasu. Simple."

"Yaya, ai dole su nemi wanda ya san ƙasar," in ji maigidana a hankali.

"Kai ma dai. Rarar injiniyoyinsu suka zo saukewa, kana so su kwashi rarar council?" Ya juyo gare ni. "Matarmu, ke faɗa masa. In tuwo ya yi miki yawa kika kai wa maƙwabta, kina karɓo ɗumamensu?"

Na yi dariya. Wallahi ba da nufi ba, yadda ya karkace hula ya ja kalmar ne. Amma tawa aka fi ji, don ina tsaye tsakiyar maza da faranti a hannu.

Muka shiga mota muka kamo hanyar gida. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Daga baya ya samu aikin lodi a wani sito a unguwar Aston. Da, ko kwalta ya gani sai ya yi mini bayaninta, don ya san ban yi nisa a boko ba. Yanzu nakan tambaye shi me suke lodawa, daga ina yake zuwa, don dai ya buɗe baki. Sai ya ce, "Kaya ne," ya wuce ya yi alwala.