Robar Bakin Ɗan Fari

Maigidana mahauci ne, kuma da ƙuruciyarsa ya yi dambe. Abin da damben ya bar masa shi ne suna a bakin tsofaffin makaɗa da giɓi a gaban baki. Mutum ya wuni yana sayar da nama, amma in na sa masa tsoka a miya sai ya kai ta gefe yana mamula kamar tsohuwa. Tun ina amarya na gaji da ganin wannan. Sai ga ɗana na fari ya tashi, ya yi gemu, shi ma ya ɗaure hannu da zare.

Da an gama girbi ba ma ganinsa. Yau ana wasa a Lajawa, jibi a Indabo, ya dawo da ido a kumbure, ubansa na zaure yana zuga shi. Kumburi zai sace, leɓe zai warke. Haƙori kuwa in ya tafi ya tafi ke nan, kuma shi nake ji masa.

To, da wane baki zan faɗa? Ɗan fari ne. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta nuna ta damu da shi, ko zazzaɓi yake yi sai dai ta tura wani ya dubo. Haka na tarar, haka na yi. In ya durƙusa gaishe ni, ina amsawa ne idona na kan tukunya. Mata suna yaba min kunya, ni kaɗai na san nauyinta.

Ƙanwarsa tana karatu a jami'ar garin nan. Ita ta ba ni labarin wata roba da masu wasan naushi na makarantarsu ke sawa a baki, tana rufe haƙoran sama, in duka ya zo sai ta shanye ƙarfinsa. Na ce ta samo min. Ranar da ta kawo na jujjuya ta a hannu, abu kamar ɓawon lemo, na ce wannan ce za ta tare hannun ƙato? Ta ce sai an tsoma ta a ruwan zafi ta yi laushi, mai ita ya ciza, ta ɗauki siffar bakinsa.

Ni na hura wutar, ni na tafasa ruwan. Sannan na miƙa mata kwanon na ce, "Ki ce ke kika saya masa. Kada ki kuskura ki ambace ni."

"Haba Umma, sai ka ce wani abin kunya?"

"Ki dai yi abin da na ce."

Na shige ɗaki na saki labule, ina jin su a tsakar gida. Yana dariya yana cewa ta ƙona masa dasashi, tana cewa ya ciza da ƙarfi, ya danna da yatsa. Ubansa ya leƙo ya ce a zamaninsu namiji ba ya shiga fili da abin tsotson jarirai. Na ji kamar in fito in ce ya buɗe nasa bakin a gani, amma na haɗiye, kamar yadda na saba haɗiye komai a kan yaron nan.

Ya sa robar a wasannin farko, ƙanwar ce ke kawo min labari. Matsalar ita ce kirari. Ɗan dambe ba ya fara wasa sai ya ɗaga hannu ya yi wa kansa kirari jama'a sun ji, kuma ba a kirari da roba a baki. Dole ya cire, ya gama, ya mayar a gaban kowa. Masu kalangu kuwa ba a ba su ƙofa. A Kausani wani ya sa shi a waƙa, wai ga mai robar ƙanwa ya fito. Fili ya ɗauki shewa. Ranar ya gama kirarinsa, ya dubi robar, ya jefa wa abokansa.

Da safe ya shigo gaishe ni ina wanke-wanke. Ya durƙusa, gaisuwar ta fito a cushe, iska na bin kalmomin. Ban san lokacin da na saki kwanon ba. Na kama haɓarsa da jiƙaƙƙen hannuna na ɗaga, rabona da taɓa fuskarsa tun yaye. Haƙoran gaba guda biyu babu, na kusa da su yana lilo.

Ƙanwar na bakin ƙofa tana kuka. Ta ce, "Umma ce fa ta sa aka sayo maka, ita ta dafa ruwan."

Ya daɗe yana kallona, ni ma ban kawar da kai ba. Sannan ya ce, "Umma, da na san ke ce, wallahi ko garin duka zai yi min dariya ba zan cire ba."