Ranar da Muryar Baffa ta Ɓace

Ranar Laraba ce, ƙarfe goma da kwata na safe, a makon da aka yi ruwan shuka. Mu huɗu ne a ɗan ofishin ƙungiyarmu da ke Birnin Kudu: ni, da Alhaji shugaban ƙungiya, da Injiniya, malamar kwamfuta da ke kula mana da na'urori, sai wani makiyayi mai shekara kamar hamsin da ya taso a kan babur tun daga wajen Dingaya. An daɗe da yin abin, amma ba zan taɓa mantawa da shi ba, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

Ƙungiyar tamu shirin rediyo take haɗa wa manoma da makiyaya. Na yi shekaru ina karanta labarai a gidan rediyo kafin in dawo gida, saboda haka ni ke fita ƙauyuka da rikoda, ni ke tsara rubutun shiri. Da farko a rumbun wani babban kamfanin intanet muke ajiye kayanmu, kamar kowa. Wurin ya cika, kuma duk ranar da sabis ya ɗauke ba mai iya buɗe ko layi ɗaya. Sai Injiniya ta ce mu gina namu rumbun. Ta ɗauko wata tsohuwar kwamfuta, ta ɗora mata manhaja irin wadda masana ke ƙerawa su sakar wa duniya kyauta, kowa na da ikon duba cikinta ya gyara. Ta haɗa ta da sola da batir, ta ajiye a lungun ofis. Daga ranar muka koma rubuta shiri tare a shafi ɗaya, ni ina Gwaram, abokin aikina yana Birnin Kudu, kowa na ganin gyaran ɗan'uwansa. Abin da ka ajiye a wayarka zai bayyana a ta kowa. Kayanmu na ɗakinmu, ba a hannun wani baƙo ba. Na yi alfahari da wannan, kuma har yanzu ina yi.

Ranar da take raba mana izinin shiga, ta bayyana cewa iri biyu ne. Akwai na mai kallo da saurare kawai, akwai na mai ikon gyarawa da gogewa. Ta ce tunda Alhaji ba ya rubutu, ba ya tace murya, a ba shi na kallo. Ni ne na ja ta gefe.

"Haba Injiniya, ba a yi wa babba haka. Shugaba guda a ce ba shi da ikon da yaransa ke da shi?"

"Malam, ba maganar girma ba ce. Wanda ya goge abu a wayarsa, ya goge a wajen kowa."

Na ce mata ai Alhaji ko buɗewa ba zai yi ba, a dai ba shi don kada ya ji an rage masa matsayi. Sai ta ba shi. Ban zauna na yi masa bayani ba, domin a ganina koya wa dattijo amfani da wayarsa ma wani nau'in raini ne.

A ranin shekarar ne na ɗauki muryar Baffa, mahaifin wannan makiyayi. Tsoho ne ƙwarai, kuma shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka san iyakar burtalin da shanu ke bi daga rugagensu zuwa mashaya. Gonaki sun fara cin hanyar, kowace damina sai an yi tashin hankali. Na sa aka ɗora shi a amalanke, muka bi burtalin tun daga farko har ƙarshe, tare da wani dattijon manomi sa'ansa. Baffa zai ce daga tsamiyar nan zuwa waccan kuka taku kaza ne, dattijon manomi ya ce haka ne, ya ƙara da sunan mai gonar da ke gefe a zamanin. Awa biyu da minti goma sha ɗaya, bakin makiyayi da bakin manomi suna faɗin abu ɗaya. Da na dawo na zuba muryar a rumbunmu, na tabbatar ta shiga, na share katin rikoda don aikin gaba. Bayan wata guda Baffa ya rasu. Dattijon manomin kuma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, magana ta gagara.

To wannan murya ce ɗan Baffa ya zo karɓa. Washegari Alhamis za a yi zaman sulhu a Gwaram kan burtalin, kuma ɓangarorin biyu sun amince za su bi abin da dattawan nan suka faɗa.

Na buɗe wayata, babu jakar da muryar ke ciki. Na buɗe kwamfutar ofis, babu. Injiniya ta duba kwandon da ke riƙe abin da aka goge, ta ce kwana talatin yake riƙewa, bayan haka ya zubar. Ta duba faifan da take kwafar ajiya a ciki, ta ce ƙarami ne, na mako huɗu kawai yake ɗauka. Sannan ta buɗe shafin da na'urar ke rubuta duk abin da aka yi a cikinta, ta karanta a hankali: an goge jakar kwana arba'in da bakwai da suka wuce, ranar Juma'a, ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu na yamma, daga wayar shugaba.

Alhaji ya gyara zama. Ya ce tabbas ya tuna, ranar sunan jikansa ne, wayar ta ce masa ta cika ana tsakiyar ɗaukar bidiyo, ya ga wata jaka mai nauyi ya cire ta.

"Amma ni a wayata na goge," in ji shi. "Me ya haɗa wayata da akwatinku?"

Injiniya ta fara yi masa bayani, ya ɗaga mata hannu. Ya ce dama tun farko bai yarda da wannan tarkacen ba, da a wajen manyan kamfanoni aka bar kayan da ba a yi haka ba, kayan kyauta ai ƙarshensa ke nan. Ta ce masa cikin ladabi ko a can ne haka za ta faru, domin aikin iri ɗaya ne. Bai ko kalle ta ba. Duk wannan ɗan Baffa na zaune a kan benci, hularsa a gwiwa. Tambaya ɗaya ya yi mini.

"Malam, ko kaɗan ba ta rage ba? Ko gaisuwar da ya yi a farko?"

Na ce masa babu. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya tashi ya tayar da babur ɗinsa. Sai a lokacin na gane ba hujjar burtali kaɗai ya zo nema ba.

Washegari aka cika a Gwaram, manoma a gefe, makiyaya a gefe, masu sulhu a tsakiya. Da aka nemi muryar, Alhaji ya miƙe ya gyara babbar riga. Ya ce abin takaici, kwamfuta ta cinye maganar, wata yarinya ce ta haɗa musu na'urar da ba ta da inganci, amma za a ɗauki mataki. Injiniya ba ta wurin, tana aji tana koyarwa. Mutane suka fara gunaguni, wani ya ce dama aikin boko haka yake. Alhaji ya juyo gare ni ya ce, "Ga Malam nan, shi ne masanin, zai tabbatar muku."

A gidan rediyo an koya mini cewa labari yana da wanda ya yi, da abin da ya yi, da lokacin da ya yi. Ban taɓa karanta labarin da aka ce abu ya yi kansa ba. Na miƙe cikin fushi na ce:

"Ranku ya daɗe, na'ura ba ta ci komai ba. An goge muryar ne daga wayar shugabanmu, ranar Juma'a da yamma, bisa rashin sani. Wadda ta haɗa na'urar ta ce kada a ba shi ikon gogewa, ni na matsa aka ba shi. Kuma ni na share katin asali. Laifin namu ne mu biyu, ita ba ta da ko ɗaya."

Alhaji ya zauna. Wani dattijo ya ce mini ƙasa-ƙasa da na rufa wa Alhaji asiri, ai babba ne. Wannan magana ta fi komai ƙona mini rai, domin ita ce dai na faɗa wa Injiniya tun farko, ga kuma inda ta kai mu. An nemi in faɗi abin da na tuna daga bakin Baffa. Na tuna tsamiya, na tuna kuka, amma ban riƙe yawan taku ba, kuma na ƙi in ƙirƙira. Manoma suka ce maganar mai rai ɗaya ba ta kai ta dattawa biyu ba. Gaskiya suka faɗa.

Abin da na koya shi ne, girmama mutum daban, damƙa masa abin da bai san yadda ake riƙewa ba daban. Na ji kunyar yi wa dattijo bayanin minti biyar, mutanen da ba su ji ba ba su gani ba suka ɗauki asarar. Kuma duk wanda ya ce zai riƙe kayansa a ɗakinsa, to ya san babu wani kamfani da zai ɗora wa laifi, tsaron ya dawo wuyansa.

Rumbun namu na nan yana aiki. Yanzu mutum biyu kawai ke iya gogewa, kuma kowace murya tana da kwafi a Gwaram wanda ba ya haɗe da wayar kowa. Alhaji ya sauka daga shugabanci a ƙarshen shekarar, muna gaisawa a masallaci. An tashi zaman sulhun ba tare da an tsayar da iyaka ba. A daminar da ta biyo baya aka shuka gero a rabin burtalin, iyalan Baffa kuma suka kwashe shanunsu suka bar yankin.