Wurin Sauka

Ni direba na. Motar asibiti nika ja tun gashina na baƙi, tsakanin Goronyo, Wurno da Rabah, in kwashi wanda ciwonai yah hi ƙarhin ƙananan asibitocinmu in kai birni. Ban yi boko mai nisa ba, abin da idona yag gani kawai za ni hwaɗi.

Shekarar da gulbi yac cika har anka saki ruwan dam, hwadama duk ta koma tabki, hanyoyi sunka yanke, ƙauyukkan da ka bisa tudu sunka zama tsibirai. Sa'annan na wata ƙungiyar agaji ta aje jirgi mai saukar ungulu can Sakkwato don ɗaukar marasa lahiya. Cikinai akwai matuƙi da mataimakinai, da likita, da nas. Akwai kuma wata mata da ka zaune ohis bisa waya, ita ka amsar kira ta haɗa su da mutanen ƙasa. Mutanen ƙasa mu na, direbobi da malaman asibiti.

Sun tara mu wani hili sunka koya muna aikin. Matuƙin dogon mutum na, ba shi dariya. Shina isowa gabana yac cire mini hula bisa kai, yat tura ta cikin aljihuna.

Yac ce, "Wagga hula taka tana iya kashe mu duka."

Munka yi dariya, shi bai yi ba. Yac ce iskar jirgin ɗaga komi takai, leda, tsumma, kwano, kuma duk abin da yat tashi sama hwanka ka jawo shi. Hili shi zan tsirara, ba dabba, ba waya bisa, ba mutum ciki. A hura hayaƙi can gehe don shi ga inda iska ka tahiya. Yac ce in ya leƙo yag ga abu na tashi, ba shi sauka, ko uwa tai ta kwance ƙasa, don rayukkan da ka bayanai ma rayukka na. Na ji maganar ta yi mini kaushi. Daga baya nig gane mutum na da ba shi son ƙarya.

Mun yi aiki da su ya yi kyau. Mace mai naƙuda, tsoho da bango yah hwaɗo ma, mun miƙa su sun tashi da su. Sai ranar da matar ohis tak kira ni da hantsi. Hausar Kano gare ta, kullum ina tsokanar ta da ita. Ran nan ba wasa bakinta. Tac ce wani masunci, wani ƙauye can bayan Rimawa, maciji ya sare shi, jini ya ƙi tsayawa. Ta yi magana da mai garin, ta ce mishi a gyara wurin da za su sauka. Ni in yi maza in kai kaina in duba hilin. Da tah hwaɗi ƙauyen da lakabin mutumin, sai nig gane ko wa na. Taubashina na, ɗan gwaggona. Tare munka tashi, tare anka yi muna kaciya, kuma tun muna yara ba mu haɗuwa bai ce mini bawanai ba.

Nij ja mota har inda ruwa yac cinye hanya, nib bar ta gindin wata tsamiya, nis shiga kwalekwale. Bisa ruwa waya ba ta kamawa. Mai tuƙin shi yab ba ni labari. Shekaranjiya taubashina yas sa hannu ƙarƙashin tarin koma, ashe ruwa ya koro abin ƙasa ya ɓoye nan. Kububuwa ta. An yi tohi, an shaƙa mishi saiwa, an ɗaure hannun. Sai da jini yah hwara hita ga dasashinai kana hankali yat tashi.

Muna isa nih haye tudu da gudu zuwa hilin makaranta, don shi kaɗai na sarari ƙauyen. Abin da nig gani har yau shina idona.

An share hilin tas, an yayyahwa ruwa. Kana anka shimhiɗa tabarmi, tun daga wanga gehe har wancan. An kwaso dardumomin masallaci. An kahwa rumhwa da tampol shuɗi, an jera kujerun roba ƙarƙashinta. Ga kwanonin hura da na tuwo an ruhe da hwaihwai, ga buta da ruwan wanke hannu. Mata sun baza zannuwansu na biki bisa igiya don su tare ma baƙi rana. Tsakiyar duk wanga, bisa darduma mahi kyau, taubashina na kwance, matatai na mishi hihita.

Nih hwara ihu. "Ku kwashe! Ku kwashe komi!"

Mai gari yat taso da sandatai, tsoho na da yas san ubana. Yac ce, "Kai ɗan nan, mi yas same ka? Ba gaisuwa?"

Nid durƙusa rabi. Nic ce, "Baba, ranka shi daɗe, jirgin ba shi sauka bisa wanga kaya."

Yac ce, "Yarinyar da tak kira ni da bakinta tac ce a gyara ma baƙi wurin sauka. To mi munka yi? Mutane su taso tun daga birni don ɗanmu, su iske ƙasa tsirara? A ce garin wa?"

"Baba, saukar jirgi taka nuhi, ba saukar baƙo ba."

"Sauka dai sauka ta. Ni ban taɓa jin an ce ma mutum gyara masauki yak kwashe tabarma ba."

Daga ƙasa nij ji murya, a shaƙe. "Baba, rabu da shi. Bawana na, bai saba ganin darduma ba."

Nid dube shi. Hannun ya kumbura har kahwaɗa, ya yi baƙi shina ƙyalli. Haƙoranai jajur. Shina murmushi da su haka nan.

Nic ce, "Kai rihe bakinka, matsiyaci. Wanda maciji ma yar raina."

Na sunkuya ke nan in naɗe tabarmar hwarko sai munka ji ƙarar, daga yamma, ƙasa-ƙasa. Na yi ta daga hannu ina cewa a watse, amma wa ka ji na. Mutanen da ba su taɓa ganin jirgi kusa ba sai sunka ƙara matsowa. Hayaƙin da ya kamata in hura ma ban samu hurawa ba.

Jirgin yaz zo bisa kanmu yat tsaya, yah hwara sassaukowa. Na ga cikinai, na ga huskar likita manne ga gilashi. Sai iska tad daki ƙasa. Tabarmi sunka miƙe tsaye kamar masu rai. Hwaihwai sunka yi sama, kujeru na birgima, hura ta malale. Tampol ɗin yat tsinke igiyoyinai guda-guda, yab buɗe, yan nuhi sama wajen hwankar. Ban san nisan da yar rage ba, amma ba yawa. Jirgin yak karkata, yaj ja baya da ƙarhi, yat tashi. Ni kuwa ina kwance bisa taubashina na ruhe shi da jikina, ƙasa cike da bakina.

Jirgin ya kewaya garin. Munka tashi kwasar kaya, amma tabarmin sun watsu ko'ina, wasu bisa itace, wasu bisa kwanon makaranta, kowa na bin tashi cikin hilin, awaki sun tsinke. Tampol ya sarƙe ga ƙarhen tuta shina kaɗawa. Ya sake kewayawa. Gabas kuma hadari ya haɗu, baƙi ƙirin, shina matsowa. Sai nig ga hancin jirgin ya juya yamma. Ƙarar ta yi ta raguwa har ta ɓace.

Nih hau wani tsohon bango inda waya ka kamawa. Matar ohis tad ɗauka.

Tac ce, "Me ya faru? Matuƙi ya ce fili cike yake da kaya."

Nic ce, "An kusa kwashewa. Ki ce shi dawo."

"Ba zai iya ba. Hadari ya rufe, kuma man da ya rage na komawa ne kawai."

"To su jeho muna maganin mana. Allura ta, ko ba allura ba?"

Tac ce ba irin wadda aka sokawa a tahi ba ta. Ta jijiya aka ba da ita, likita na tsaye, don tana iya tayar da wani abin. Kuma yadda ta ji bayani, jini ma shika buƙata. In hadari ya wuce za su sake tashi, amma ba ta san yaushe ba. In ina iya hitowa da shi ta ƙasa, in hito da shi.

Daga baya mutane sun yi ta zagin masu jirgin, wai girman kai, wai sun ƙyamaci talakka. Ni ban taɓa zagin su ba. Na ga tampol ɗin da idona. Mai gari ma ban zage shi ba. Sa'ad da munka ɗauko mara lahiya bisa ƙyauren ɗaki, shina tsaye shi kaɗai tsakar hilin, rawaninai ya warware. Ya bi mu har bakin ruwa da sanda, ya riƙe gehen kwalekwalen har munka zauna, kana yas saki.

Ruwan sama ya iske mu tsakiyar hwadama. Muna wucewa bisa gonakin mutane, kan gero na shahwar cikin kwalekwalen. Matar taubashina na kwarhe ruwa da ƙwarya, ni na riƙe kainai bisa cinyata na ruhe shi da rigata. Ya yi amai, jini na.

Yac ce, "Bawa."

Nic ce, "Ubangijinka dai. Mi kaka so?"

"Ka ga cikin jirgin?"

"Na gani."

"Akwai kujeru?"

"Gado na. Da an ɗora ka kamar buhun albasa."

Yay yi dariya har tari yak kama shi. Yac ce, "Dama ni tsoro nika ji. Mutum da ruwa yas saba, mi za shi kai shi sama."

Matatai tac ce, "Malam, ka bar magana, ka aje ƙarhinka."

Yac ce, "In na yi shiru wanga za shi ɗauka ya ci ni."

Mun kai ga mota bayan la'asar. Tayoyin baya sun nutse cikin laka, sai da mutanen da ka jiran kwalekwale sunka taimaka da turi. Nik kwantar da shi baya, matar taz zauna kusa. Na biya asibitinmu na Goronyo, malamin da ka aiki ya sa mishi ruwa, yac ce maganin sarar ya ƙare gare su, in wuce birni kar in tsaya. Nik kunna jiniya.

Wanda yas san hanyar nan da damina ya san ba a gudu bisanta. Rami cike da ruwa, ba ka sanin zurhinai sai ka hwaɗa. Kowane rami ina jin nishinai ta ƙaramar tagar da ka bayana. Ina ta yi mishi magana don kar shi yi barci. Na tuna mishi kihin da yas sata ga ubana, na ce ko ya warke sai ya biya. Hwarko shina ramawa. Da munka wuce mararrabar Wurno sai amsar ta koma "uhm". Can sai nij ji ni kaɗai ka magana.

Gab da Achida matar tab buga gilashin da tahin hannu, a hankali, ba da ƙarhi ba.

Tac ce, "Yaya, tsaya."

Nit tsaya gehen hanya, niz zagaya baya. Ta riga ta ruhe mishi ido. Na taɓa wuyanai kamar yadda nig ga malaman asibiti na yi, ko da na sani. Nic cire robar ruwan ga hannunai, nij ja zanenta nir ruhe shi. Masu mashin na wucewa suna leƙe. Jiniya na ta kuka bisa kanmu, na manta da ita, sai da matar tac ce in kashe.

Ina komawa mazaunina waya tai ƙara. Matar ohis ta. Tac ce hadari ya wuce, an sha mai, matuƙi na tambaya ina muke, in da hili kusa da hanya za su tarbe mu kahin duhu.

Nic ce, "Ki ce musu su zauna. Ya cika."

 Sai tai salati. Tac ce, "Baba, wani abu na faɗa ba daidai ba?"

Nic ce, "Daidai kika hwaɗi. Ki gaishe su."

Rana ta kusa hwaɗuwa, kuma mai kwalekwale ba shi tuƙi in duhu ya yi. Nit tambayi matar ko mu kwana da shi Goronyo. Tac ce a'a, uwa tai na can na jira. Nij juya motar tsakiyar hanya, munka koma.