Gadon da Ba Ya Hucewa

Har gobe ba na ƙaunar jin zancen jirgin yaƙi mai nutso ƙarƙashin teku, kuma mudir ɗinmu ne ya ja masa. Shi ke kula da mu leburori a wani kamfanin gyaran batiran jiragen ruwa a Jidda, cikin shekarun tamanin. Wai a sojan ruwan ƙasarsu ya yi ƙuruciya, cikin irin wannan jirgi, ya ishe mu da labarinsa har muka haddace dole.

A saman ruwa, in ji shi, injin dizal ke jan jirgin yana cika batira. In zai nutse sai a kashe injin, batir ya karɓa. Jiragen farko sai sun taso gaba ɗaya su sha iska, daga baya aka yi musu bututu mai leƙowa sama. Ciki kuwa matsi ne, mutum biyu ke raba gado ɗaya: wannan ya tashi aiki, wancan ya kwanta.

Duk cikin hikimar jirgin, rabon gadon kaɗai mugun ya kawo mana. Ɗakinmu a unguwar Kurayyat ko taga babu. Abokin gadona wani dattijo ne ɗan Damagaram, muna ce masa Baba, tururin ruwan batir ya riga ya cinye masa ƙirji. Aikin dare yake yi, shi ke wuni a gadon, ni in dawo da magariba in tarar da katifar sharkaf da guminsa, yana zaune yana kokawa da numfashi.

Na sami mudir na ce, "A fasa mana taga, Baba zai mutu. Ai jirgin naku ma da bututu."

"Mu sai mu yi makonni ba mu ga rana ba, wa ya mutu? Halas. Iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, tana hannun wa? Yalla."

An ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na durƙusa har gwiwata ta yi kanta, taga ba ta samu ba. Na tsani mutumin nan, kuma ban daina ba.

Baba ya ce, "Ɗana, ƙyale shi. Kai dai ka riƙa juya min katifar in ka tashi."

Ranar da muka kai Baba makwancinsa bayan la'asar, na dawo ɗaki ina neman inda zan kwanta in yi kukana. Na dafa katifar na ji ta da ɗumi. Ashe mudir ya riga ya kawo wani, har ya yi barcinsa ya fita aiki.