Yaya Usaini da Hujojin Motarsa

Duk wanda ya taɓa kai amfanin gona kasuwa tsakanin Birnin Kudu da Gwaram ya san Soja. Mota ce, tsohuwar gingimarin sojoji, koriya mai dogon hanci, wadda ake jin kukanta tun ba a hango ta ba. Mai ita yayana ne, Usaini. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, don haka in na faɗi halinsa kada wani ya ce ƙage na yi masa.

Yaya bai yi boko ba, ni aka tura sakandare. Shi allo ya yi a zauren kawunmu, ya sauke, ya taɓa littattafai, sannan Baba ya ɗora shi a kan sitiyari. Da Baba ya rasu muka bar masa motar, don ba ta jin maganar kowa sai tasa. Da ita ya aurar da ƙannenmu, da ita yake ciyar da iyalinsa. Mutum ne mai tsantseni har ya ba ka haushi. In gero ya zube a bodin mota, sai ya share shi ya bi mai buhu har gida.

Bara da kaka, wani Jafaru da ya sayi sabuwar mota yake so manoma su koma wajensa, ya tsaya a tasha gaban jama'a ya nuna hujojin da ke jere a ƙasan ƙyauren bayan Soja. Wai harsashi ne. Wai sato ta aka yi daga bariki bayan yaƙin basasa, masu gadi suka bi ta da harbi, kuma duk abin da gidanmu ya ci haram ne.

Da a gabana ya faɗa, da ya gane kurensa. Amma Yaya? Yana jin maganar ya zo ya ajiye mota a gindin darbejiya, ya tokare tayoyinta da duwatsu.

"Yaya, lafiya? Ga dawa jibge a gonaki ka ajiye mota?"

"Ba zan sake tayar da ita ba sai na san asalinta. In ta tabbata ta sata ce, da kaina zan kai ta bariki in miƙa musu makulli."

"Su kuma su ba 'yan gwangwan su yayyanka ta! A kan maganar Jafaru? Jafarun da sai an yayyafa masa ruwa yake tashi sallar asuba?"

"Ko maƙaryaci yakan faɗi gaskiya, ƙanwata."

Takardun motar sunan Baba kawai suka sani. Sai Yaya ya ce zai bi ta yadda malamai suke bin karatu: wa ya ba ka, shi kuma wa ya ba shi, har a kai tushe. Kuma ba zai karɓi bakin mutum ɗaya ba. Na yafa mayafina na ce ƙafata ƙafarsa, don na san in aka bar shi, duk wanda ya gaya masa mummunan labari shi zai gaskata.

Muka shiga motar haya, mai mota guda a matse tsakanin buhunan albasa. A Sundimina, inda muka san Baba ya sayo ta, muka tarar wanda ya sayar masa ya daɗe da rasuwa. Matarsa, Hajiya Batulu, ta ce ta tuna sarai: a hannun wani Saje Yahuza na Farin Dutse mijinta ya saye ta, kuma da hujojinta ta zo.

Yaya ya dube ni. "Kin ji. Tsohon soja ne ma ya sayar."

 Na ce masa sojoji ma suna da halal ɗinsu, ya daina yi mana baƙin baki.

A Farin Dutse muka sami Saje a zaure yana tufkar igiya, tsoho tukuf, kunne ɗaya ya daina ji. Da Yaya ya kwatanta masa motar sai ya saki igiyar.

"Tana nan da rai? Har yanzu giya ta biyu tana fita a gangare?"

"Tana fita, Baba."

"Ita ce, ja'ira!"

Ya ce shi ya tuƙa ta a yaƙi. Abinci da ruwa take kai wa bakin daga, in za ta dawo ta ɗauko waɗanda suka ji rauni.  Ya ce da aka sallame shi, an yi gwanjon tsofaffin motoci da rana tsaka, ya taya, aka bar masa.

"Ranar da zan fita da ita ta ƙi tashi. Masu gadin ƙofa ne suka jingine bindigoginsu suka tura min ita har titi."

"To hujojin nan fa, Baba? An ce harsashi ne."

Tsohon nan ya yi dariya har da tari. "Harsashi a jere kamar shuka? Ni na huda su a maƙera. Raguna nake kaiwa kudu da Layya, fitsarinsu ya riƙa taruwa a bodi yana cin ƙarfe. Na yi masa hanyar fita."

Ni dai na gama, har na fara gyara mayafi. Sai Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a gafarce ni. Akwai wanda zai shaida?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ka zo gidan dattijo ka nemi shaida a kan maganarsa! Kafin Saje ya amsa, wata murya ta fito daga tsakar gida. Inna Talatu ce, matarsa, ashe duk tana ji.

"Kai yaro, ni nan ina saman motar da tukwanena ranar da aka tura ta. Kuma ni na sa shi ya huda ta, don na gaji da wankin kayansa masu zarni. Ko alƙali kake so a kirawo maka?"

Yaya ya rufe fuska da tafin hannu. "Alhamdu lillahi. Allah Ya jiƙan Baba." Abin da ya yi ta maimaitawa ke nan. Sai a lokacin na gane ashe ba motar kaɗai yake tsoron rasawa ba, har da mutuncin Baba.

Da muka koma ya janye duwatsun, Soja ta ƙi tashi, sai da 'yan unguwa suka tura ta. Ya hana ni yi wa Jafaru magana. Na ce to, washegari na bi ta tasha na ce wa Jafaru ya kai hancinsa kan hujojin ya shinshina, ya gaya wa jama'a ko albarushi ya ji.

Lodin farko da Yaya ya yi na Gwaram ne, ya ratse Farin Dutse. Aka riƙo Saje ya fito, ya ɗora hannu a kan bonet yana sauraron injin da kunnensa mai kyau.

"Kana matsa mata da yawa," ya ce. "Tsohuwa ce, ka bi ta a hankali."